Zafin fitsari bayan saduwar aure: Abin da ke kawo shi da hanyoyin kariya

Fiye da rabin mata kan yi fama da ciwon mafitsara aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, kuma ga matan aure da dama ciwon kan taso ne kwana ɗaya ko biyu bayan saduwa da mazajensu.

A unguwanni masu cunkoson jama'a irin su Tudun Wada da ke ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, akan sanya wannan larura cikin jerin abin da ake kira "ciwon sanyi", inda wasu kan ɗora laifin a kan ban-ɗaki, wasu kuma a kan miji ko kishiya.

To sai dai binciken likitoci ya nuna cewa a mafi yawan lokuta ƙwayar cutar daga jikin matar take fitowa, kuma akwai matakai masu sauƙi da ke rage yawan aukuwar ciwon.

Mene ne ciwon mafitsara?

Ƙoda ce ke tace fitsari daga jini, sannan ya gangaro ta wasu siraran bututu biyu zuwa mafitsara, inda yake taruwa kafin a fitar da shi.

Idan ƙwayoyin cuta suka biyo ta ƙofar da fitsarin ke fita har suka kai mafitsara, sai su manne a bangonta su hayayyafa, bangon ya kumbura.

Alamomin da aka fi gani su ne raɗaɗi yayin fitsari, da yawan jin matsuwa alhali ɗan kaɗan ke fitowa, da ciwon mara. Fitsarin kan gurɓace ko ya yi wari, wani lokacin ma a ga jini a cikinsa.

Wannan ya bambanta da zafin da mace kan ji a fitsarin farko bayan saduwa, wanda ke wucewa cikin 'yan sa'o'i. Shi wannan yawanci guga ce ko bushewar gaba ko wani sabulu ke haddasa shi, kuma ba ya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Idan kuwa zafin ya kwana ya wuni, ga kuma yawan zarya zuwa ban-ɗaki, to akwai yiwuwar cuta ta shiga.

Me ya sa ya fi kama mata?

Dalilin na cikin halittar jiki. Tsawon hanyar fitsarin mace bai wuce santimita 4 ba, yayin da na namiji ya kai kimanin santimita 20.

Haka kuma ƙofar fitsarin mace na kusa da farji da kuma dubura.

Kimanin kashi 80 cikin ɗari na irin wannan ciwo, ƙwayar bakteriya da ake kira E. coli ce ke haddasa shi. Wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, shi ne ya gano ta a 1885.

Ita dai wannan ƙwaya tana zaune ne a hanjin kowane ɗan Adam, kuma a can ba ta cika yin illa ba. Matsalar na tasowa ne idan ta bar mazauninta ta samu hanyar shiga mafitsara.

Mece ce alaƙarsa da saduwa?

Motsi da gugar da ke faruwa yayin saduwa kan tura ƙwayoyin da ke zaune a fatar da ke tsakanin dubura da farji zuwa ƙofar fitsari, daga nan kuma tafiyar ba ta da nisa.

Wani bincike da aka gudanar a birnin Seattle na Amurka kan mata kusan 800, wanda aka wallafa a 1996, ya gano cewa haɗarin kamuwa da ciwon na ƙaruwa gwargwadon yawan kwanakin da mace ta sadu da namiji a cikin mako.

Binciken ya kuma gano cewa matan da suka taɓa yin ciwon a baya, da masu amfani da magungunan kashe maniyyi don hana ɗaukar ciki, sun fi sauran kamuwa.

Wannan ne ya sa ciwon ya fi addabar amare a makonnin farko na aure, har likitocin Turai suka yi masa laƙabi da ciwon amarci. Haka nan yakan taso wa matar da mijinta ya dawo bayan doguwar tafiya.

Amare da dama kan ɓoye abin saboda kunya, ko su ɗauka cewa wahalar farkon aure ce da dole a jure. Jinkirin kuwa kan ba cutar damar hawa zuwa ƙoda.

Shin miji ne ke sanya wa matarsa?

Likitoci ba sa lissafa ciwon mafitsara cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i.

Mace za ta iya kamuwa da shi ko da mijinta ba ya ɗauke da wata cuta, saboda haka ciwon ba hujja ba ce ta zargin miji ko kishiya. A mafi yawan lokuta ba a buƙatar yi wa mijin magani.

Haka ma batun ban-ɗaki. A gidajen haya inda iyalai da yawa ke amfani da makewayi guda, an saba jin cewa tururin masai ko zama a kan tukunyar ban-ɗaki ne ke kawo "sanyi". Babu wata shaida ta kimiyya da ta tabbatar da hakan.

Illar ƙazamin makewayi ita ce yakan sa mace ta riƙe fitsari na tsawon sa'o'i, ko ta rage shan ruwa don gudun shiga.

Waɗanne cututtuka ne ake rikita su da shi?

Kalmar "sanyi" a bakin jama'a ta tattaro cututtuka daban-daban, kuma kowace da maganinta.

Ƙaiƙayin gaba tare da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, yawanci wani nau'in funfuna ne ke kawo shi, kuma shan maganin kashe bakteriya na iya ƙara tsananta shi.

Ruwa mai ƙarni kuwa kan nuna cewa ƙwayoyin da ke kare farji sun ragu, wasu sun mamaye gurbinsu.

Akwai kuma gonoriya da kilamidiya, waɗanda su ma kan sa zafin fitsari. Su waɗannan ta jima'i ake ɗaukarsu, kuma dole ne a yi wa miji da dukkan matansa magani a lokaci guda, in ba haka ba cutar za ta yi ta zagayawa a cikin gidan. Idan aka bar su, sukan toshe hanyar ƙwan haihuwa.

Fitsarin jini ga wadda ta saba wanki ko wanka a rafi ko kududdufi na iya zama tsargiya, wadda ake magance ta da ƙwayar praziquantel.

Gwaji ne kaɗai ke rarrabe waɗannan cututtuka da tabbaci.

Waɗanne matakai mace za ta ɗauka?

Na farko shi ne yin fitsari jim kaɗan bayan saduwa, kafin barci ya ɗauke ta, domin wanke ƙwayoyin da suka shiga tun kafin su manne. Binciken da aka yi kan wannan mataki bai ba da hujja mai ƙarfi ba, amma likitoci na ci gaba da ba da shawararsa tun da ba shi da illa kuma ba ya cin ko kwabo. Ba ya kuma hana ɗaukar ciki, domin hanyar fitsari daban take da ta haihuwa.

Na biyu shi ne shan isasshen ruwa, kuma a nan hujjar ta fi ƙarfi. A wani gwaji da aka yi a birnin Sofiya na ƙasar Bulgeriya, wanda aka wallafa a 2018, an raba mata 140 masu yawan fama da ciwon, waɗanda kuma ba su saba shan ruwa da yawa ba, zuwa gida biyu.

Rukunin da ya ƙara lita ɗaya da rabi a kan abin da ya saba sha kullum, wato kwatankwacin ledar fiya-wata 3, ya samu raguwar ciwon da kusan rabi cikin shekara guda.

Hanya mai sauƙi ta gane ko ruwan ya wadatar ita ce duba launin fitsari. Idan ya yi haske, to ya isa, idan kuwa ya yi ja ko duhu, to jiki na neman ƙari.

Na uku shi ne daina riƙe fitsari. Wasu matan kan matse shi don kada alwalarsu ta karye, ko don suna kasuwa ko makaranta ko wurin aiki. Malaman fiƙihu dai sun karhanta yin salla alhali mutum na matse da fitsari.

Na huɗu shi ne yadda ake tsarki. Ana so ruwa da hannu su tashi daga gaba zuwa baya, kuma bayan an wanke dubura kada hannun ya koma gaba sai an wanke shi da sabulu. A riƙa wanke buta, a kuma zuba mata ruwa mai tsabta.

Wanke wajen al'aura da ruwa zalla ya wadatar, kafin saduwa da kuma lokacin wankan janaba. Tura ruwa ko sabulu ko Dettol cikin farji na kashe ƙwayoyin da ke kare shi.

Mece ce rawar da miji zai taka?

Tsabtar jikin miji da ta hannayensa kafin kusantar iyali na da muhimmanci.

Haka kuma gaggawa na janyo guga mai yawa a lokacin da jikin mace bai shirya ba, abin da kan ƙuje fatar ƙofar fitsari. Bushewar gaba ta fi yawa ga mai shayarwa da kuma wadda ta daina al'ada.

A irin wannan hali ana samun man sulɓi da aka haɗa da ruwa a shagunan magani. Basilin da sauran mayukan shafawa kuwa kan lalata kororon roba.

Saduwa ta dubura, wadda shari'ar Musulunci ta haramta, na daga cikin hanyoyin da suka fi saurin kai ƙwayoyin hanji zuwa gaban mace.

Idan ciwon ya taso, ya fi dacewa a dakata da saduwa har sai alamomin sun gushe. A gidajen da mace ba ta fita sai da izini, saurin amincewar miji da ba da kuɗin gwaji na iya hana ƙaramin ciwo zama babba.

Ma'auratan da ke amfani da maganin kashe maniyyi, ko kororon roba da aka shafa wa sinadarin nonoxynol-9, za su iya neman a sauya musu wata hanyar a sashen tazarar haihuwa.

Lokacin zafi da azumi fa?

A watannin Maris da Afrilu, kafin saukar damina a Kaduna, zufa kan kwashe ruwan jiki, fitsari ya ragu, ƙwayoyin cuta su samu damar daɗewa a mafitsara.

Haka lamarin yake a watan Ramadan, inda ake wuni ba a sha ruwa ba, kuma da dare ne ma'aurata ke iya kusantar juna.

Shawarar masana ita ce a rarraba shan ruwa tun daga buɗa-baki har zuwa sahur, maimakon a kwankwaɗe shi a zama guda. Lemon kwalba da kofi da shayi mai kauri kan ƙara wa wasu matan raɗaɗi idan mafitsara ta riga ta kumbura.

Wadda ciwon ya kai ta ga zazzaɓi kuwa marar lafiya ce, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya.

Kayan mata da magungunan gargajiya fa?

A cikin farjin mace mai lafiya akwai wasu ƙwayoyi masu amfani da ake kira laktobasilai, waɗanda ke samar da ɗan tsami da ke hana E. coli samun wurin zama.

Kayan matsi da ake cusawa, ko na ganye ne ko na miski ko na wasu sinadarai da ba a san haɗinsu ba, na iya rage waɗannan ƙwayoyi, su busar da wurin, su kuma ƙona fata. Bushewar na ƙara guga yayin saduwa.

Zama cikin ruwan ɗumi zalla kan sauƙaƙa raɗaɗi, amma ba ya kai wa ga cutar da ke cikin mafitsara.

Abin da ya fi haɗari shi ne yankan gishiri, wanda wanzamai ko unguwarzoma kan yi wa mace idan tana fama da wahalar fitsari ko jin zafi wajen saduwa.

Wani nazari da aka wallafa a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya gano cewa kashi 13 cikin ɗari sun samu larurar ne ta dalilin wannan yanka.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sanya yankan gishiri cikin nau'o'in kaciyar mata, kuma ba shi da wani amfani ga lafiya.

Idan ciwon ya riƙa dawowa fa?

Kimanin mace ɗaya cikin huɗu da suka yi ciwon kan sake yinsa cikin watanni 6.

Likitoci kan ɗauke shi a matsayin mai maimaituwa idan ya taso sau 2 cikin watanni 6, ko sau 3 cikin shekara. A nan akan duba ko akwai ciwon suga, ko tsakuwar ƙoda, ko wani abin da ke hana mafitsara juye fitsarinta gaba ɗaya.

Ga matar da aka tabbatar saduwa ce ke tayar mata da ciwon, likita kan iya rubuta mata ƙwaya guda ta maganin kashe ƙwayoyin cuta da za ta sha bayan kowace saduwa. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1990 ya tabbatar da ingancin wannan hanya. Likita ne zai zaɓi maganin bisa sakamakon gwaji.

A 2022 kuma wani gwaji a Birtaniya kan mata 240 ya nuna cewa maganin methenamine, wanda ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin fitsari, ya kusa kamo shan antibayotik na kullum wajen kariya.

Ga matan da suka daina al'ada, man sinadarin estrojin da ake sanyawa a farji bisa umarnin likita na rage dawowar ciwon ƙwarai, kamar yadda wani bincike na 1993 ya nuna.

Ana kuma yawan ambaton ɗan itacen cranberry da ake nomawa a Arewacin Amurka. Wani nazari na cibiyar Cochrane a 2023, wanda ya tattara bincike 50, ya gano cewa yana rage haɗarin da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ga masu yawan fama da ciwon. Kariya yake bayarwa, ba ya warkar da cutar da ta riga ta kama, kuma kamar launi da yake yi da zoɓo ba ta sa aikinsu ya zama ɗaya ba.

Garin D-mannose da ake tallatawa a intanet kuwa, wani babban gwaji a Birtaniya a 2024 bai ga amfaninsa ba.

Mene ne haɗarin sayen magani a kemis?

Mata da yawa kan aika yaro kemis ya karɓo "maganin sanyi", a haɗo musu kafso kala-kala na kwana ɗaya ko biyu.

Wasu daga cikin waɗannan magunguna, kamar Flagyl, ba sa aiki a kan E. coli ko kaɗan. Wasu kuma kamar Ampiclox da Septrin da tetracycline, binciken da aka yi a asibitocin Najeriya ya sha nuna cewa ƙwayar ta bijire musu.

Shi kuwa ciprofloxacin, tun a 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a daina amfani da shi kan ciwon mafitsara mai sauƙi matuƙar akwai wani zaɓi, saboda illolinsa ga jijiyoyi.

Duk lokacin da aka sha maganin da bai dace ba, ko aka yanke shi a tsakiya, ƙwayoyin da suka tsira kan dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Wani rahoto da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 sakamakon bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna. Yammacin Afirka ne yankin da abin ya fi shafa idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma E. coli ce kan gaba a jerin ƙwayoyin.

Yaushe ya kamata a garzaya asibiti?

Zazzaɓi, da rawar sanyi, da amai, da ciwo a kwiɓi ko gadon baya, alamu ne da ke nuna cewa cutar ta hau ƙoda, daga nan kuma tana iya shiga jini. Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin maleriya ko taifot, a ɓata kwanaki ana shan maganin da ba nasa ba.

Haka nan a nemi likita idan aka ga jini a fitsari, ko aka yi kwana 2 ana shan magani babu sauƙi, ko kuma mai ciwon na da suga.

Mai juna biyu ba ta jira ko da kwana guda, domin ciwon na iya janyo naƙuda kafin lokaci ko haihuwar jariri marar nauyi. Takan ma ɗauki ƙwayoyin cutar ba tare da wata alama ba, dalilin da ya sa ƙa'idojin awon ciki da WHO ta fitar a 2016 suka tanadi gwajin fitsari da magani na kwana 7 ga wadda aka samu da su.

Mazauna Tudun Wada da maƙwabtanta kamar Tudun Nupawa na da babban asibitin tunawa da Yusuf Ɗantsoho a cikin unguwar, baya ga cibiyoyin lafiya a matakin farko. Larurar da ta fi ƙarfin waɗannan akan tura ta asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke cikin garin Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Domin samun sahihin sakamako, ana so mace ta yi tsarki da ruwa, ta zubar da farkon fitsarin, ta tari na tsakiya a kwalbar da aka ba ta, a kuma kai shi ɗakin gwaji cikin sa'o'i 2, tun kafin ta fara shan kowane magani.

Gwajin da ke nuna nau'in ƙwayar da kuma maganin da zai kashe ta kan ɗauki kwana 2 zuwa 3, amma likita na iya fara ba da magani kafin sakamakon ya fito.

Idan aka dace da maganin, akasarin mata kan samu sauƙi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sai dai wajibi ne a kammala adadin kwanakin da likita ya rubuta.